Mataccen Bashi

A bankinmu na bakin Ƙofar Ƙaura
akwai shafin da ba a buɗe wa baƙo.
Manaja na ce masa mataccen bashi.
Ni ke rubuta sunayen,
ni ke jan layi, mai haƙan kabari da biro.

Suna na goma sha ɗaya: Sada Lurwanu.
Na ajiye biron, na sha ruwa.

Sada da muka yi aji ɗaya a Rafin Daɗi,
mai tara marfin kwalba tun muna yara,
ya jera bisa dakali, ya raɗa wa kowane suna.
Girma bai raba shi da tari ba,
marafan ne suka koma katuna.
Bakwai, cikin jakar fata:
mai ruwan zinare a gaba, shi ake nuna wa mutane,
shuɗin na man mota,
baƙin kuwa, in ji shi, na fita kunya ne.

Ya san ranar kowane, kamar mai kiwon tantabaru.
Biyar ga wata ya ciro daga wannan
ya toshe bakin wancan,
ashirin ga wata wancan ya rama wa wannan.
In ka ce, Sada, ai rami kake tonawa kana cike rami,
sai ya yi dariya:
bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Ko tsiren ɗari biyar ne a Filin Samji
sai ya miƙa kati, ya karkata kai
yana sauraren na'ura tana tofo takarda.
Wai maki yake tarawa.
Makin shekara biyu ya ba shi filas ɗin shayi
da hula mai tambarin banki, ita ma ta yi masa kaɗan.

Mu ma ba mu da bakin magana.
Mu muka bi shi har ofis da fom,
mu muka aika saƙo ran jajibere: an ƙara maka iyaka.
Wanda ya buɗe rumbu ya kira tsuntsaye
ina zai kai ƙarar gero?
Ruwa na hawa kan ruwa,
shiru, kamar gara cikin azara.

Sai waya ta fara mutuwa. Layi ya canza, ya sake canzawa.
Sau uku ina zuwa Sabuwar Unguwa da takarda,
ɗiyarsa Turai ta ce ba ya nan,
ga takalmansa bakin zaure suna kallona.
An ce Katsinawa kunya gare mu, ba tsoro ba.
Ban san wa ta fi kamawa ran nan ba,
ni ko mai takalman.

Ƙarshen shekara aka rufe littafi.
Manaja ya sa hannu: asara.
Legas ta haɗiye, ta ɗan ƙara wa sauran masu kati ruwa
yadda ake yi wa miya in baƙi sun yi yawa.

Wata bai zagayo ba, bayan la'asar,
aka shimfiɗe Sada gaban sahu.
Ƙanensa Mannir ya miƙe, murya na rawa:
duk mai bin mamaci bashi, don Allah ya faɗa.
Mai shayi ya ce, dubu biyu, na yafe.
Tela ya ce, na yafe.
Ni ina sahu na biyu,
lambar na cikin kaina har da kwabbai,
miliyan huɗu da dubu ɗari uku da sha shida,
amma in ce wa ke bi?
Banki ba ya zuwa jana'iza.
Ba ya cewa na yafe, cewa yake na share.
Ko sharewa yafiya ce? Ban tambayi liman ba.

Muka kai shi Ɗan Marna, muka karkaɗe hannu.

A hanyar dawowa na tsaya shan mai.
Na laluba aljihu, babu ko naira.
Na ciro nawa, shuɗi.
Yaron ya ce, yallaɓai, sa lambarka.
Na sa.